Amsoshin Wasiƙunku: Kada A Sayar Da Shanun Huɗa, Ga Yadda Ake Shiga Karatun Hoton Asibiti

 

Yau wasiƙu uku muka ware, dukkansu kuwa a kan abu guda suke magana, watau karatun ɗaukar hoton asibiti a jami'a. Amma ta farko ita za ta ci mana yawancin lokaci, domin akwai gaggawa a cikinta, kuma ina fata mai ita yana kusa da akwatin rediyonsa.

Wasiƙar ta fito ne daga wani dattijo manomi a wani ƙauye na ƙasar Ringim, cikin jihar Jigawa. Ya roƙi a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ya ce bara ya faɗo daga kan amalanke, ƙafa ta kumbura, aka kai shi wurin mai ɗori, aka yi ta fama ba sauƙi. Sai da aka ɗauke shi zuwa asibiti aka yi masa hoto, sannan aka ga ashe bayan karaya har da gocewar ƙashi. Ɗansa da ya raka shi ya ga na'urar, ya ga mai aiki da ita, tun daga ran nan ya ce shi fa wannan karatu zai yi. Yaron ya gama sakandare bana, sakamako ya fito, ya sami kiredit a Turanci da Lissafi da Kemistiri da Bayoloji, amma a Fiziks an rubuta masa D7. To sai ga wani mutum a kasuwa ya ce wa dattijon ya san manya a wata jami'a, in an ba shi kuɗi zai samar wa yaro gurbi, D7 ba komai ba ce. Kuɗin da ya yanka kuwa ba za su samu ba sai an sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗa biyu da ake noma da su. Shi ne Malam yake tambaya: in sayar ko kada in sayar?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya ƙara sauƙin ƙafa. Amsa a taƙaice ita ce kada ka sayar. Ka bar sanka a turkensa. Yanzu kuma bari in faɗa maka dalili, don kada ya zama ka ji daga bakin mai rediyo kawai ka bi.

Da farko mu san abin da yaron yake nema, don mutane da yawa suna cakuɗa shi da aikin likita. Wannan fanni a jami'a sunansa radiyogirafi. Mai wannan sana'a shi ne wanda ka tarar a ɗakin hoto, ya gyara maka tsayuwa ko kwanciya, ya ce ka ja numfashi ka riƙe, ya koma bayan bango ya danna. Ba likita ba ne, kuma ba yaron likita ba ne, sana'a ce mai zaman kanta da digirinta da lasisinta. Akwai likitan hoto daban, wanda ya yi karatun likita na shekara shida sannan ya ƙara wasu shekaru yana ƙwarewa a kan fassara hotuna. Su biyun tare suke aiki. In mai ɗaukar hoto bai ɗauka daidai ba, komai ƙwarewar likita ba abin da zai gani.

Asalin abin kuwa daga ƙasar Jamus ne. Ran 8 ga watan Nuwamba na 1895 wani malamin Fiziks mai suna Wilhelm Röntgen yana gwaje-gwajensa a birnin Würzburg, sai ya gano wani irin haske da ido ba ya gani, wanda yake ratsa tsoka amma ƙashi ya tare shi. Da yake bai san ko mene ne ba, sai ya sa masa harafin X, daga nan ne muka sami sunan eksire. Cikin hotunan farko da ya ɗauka har da hannun matarsa, ga ƙasusuwan yatsu ga zobenta a fili. A 1901 aka ba shi lambar yabo ta Nobel. Ka lura da abu guda a nan Malam: mutumin nan malamin Fiziks ne. Ita sana'ar gaba ɗaya a kan Fiziks aka gina ta, watau ilmin haske da lantarki da ƙarfi da yadda suke aiki. Yau kuma aikin ya wuce eksire kaɗai. Akwai sikanin da ake yi wa masu juna biyu, wanda da sauti yake aiki, akwai na'urar CT mai ɗaukar jiki yanka-yanka kamar an yanka doya, akwai ta MRI mai aiki da ƙarfin maganaɗisu. Duk Fiziks ne. Saboda haka wanda ya ce maka D7 a Fiziks ba komai ba ce a wannan fanni, kamar ya ce maka za a yi noman rani ba rijiya ne.

To mece ce D7? Jarrabawar gama sakandare, ko ta WAEC ko ta NECO, ana ba da sakamakonta daga A1 har zuwa F9. Daga A1 zuwa C6 shi ake kira kiredit. D7 da E8 an ci, amma ba su kai kiredit ba. F9 faɗuwa ce. Jami'a kuwa kiredit take ƙirgawa. Wannan karatu yana buƙatar kiredit biyar, kuma ba kowaɗanne biyar ba: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. In yaro ya sami A1 a Hausa da A1 a darasin Noma da A1 a Addini, madalla, abin alfahari ne, amma ba ɗaya daga cikinsu da zai tsaya a madadin Fiziks. Ɗanka yana da huɗu, saura ɗaya. Tsakaninsa da C6 taki ɗaya ne tak, kuma wannan takin shi zai yi shi da kansa, kuɗin sa ba zai yi masa ba.

Abin da zai yi shi ne ya sake zama jarrabawa. Hukumomin nan biyu suna da jarrabawa ta 'yan waje, watau waɗanda suka riga suka bar makaranta, ana yin ta wajen ƙarshen shekara, daga Nuwamba zuwa Disamba, WAEC kuma tana da wata a farkon shekara. Ka tura shi wurin shugaban makarantarsu ko malamin da ke kula da jarrabawa a cikin makon nan, ya tambayo ko ba a rufe rajista ba. In an rufe ta ƙarshen shekara sai a nufi ta gaba. An yarda a haɗa sakamako biyu, ko da ɗaya na WAEC ne ɗaya na NECO, wannan shi ake kira zama biyu. Amma in ba ka wata shawara: tunda zai sake zama, kada ya ce Fiziks kaɗai zai karanta. Ya dage ya sake cin duk biyar ɗin a takarda ɗaya, domin akwai jami'o'in da a fannonin lafiya suke fifita mai zama ɗaya, wasu ma ba sa karɓar zama biyu sam. Kuɗin wannan rajista da na malamin da zai riƙa yi masa bitar Fiziks da yamma ba su kai ko kusa da kuɗin sa ba.

Wannan ƙofar farko ke nan. Ta biyu ita ce JAMB, hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, wadda aka kafa tun 1978. Akan buɗe rajistarta a farkon shekara, a yi jarrabawar wajen watan Afrilu, lokacin da zafin bazara ya kankama. Kafin komai sai yaro yana da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, domin tun 2021 ba a yin rajista sai da ita. A nan ne 'ya'yan karkara da yawa suke tuntuɓe tun ba a fara ba. Sai ka ga a takardar makaranta an rubuta Muhammad, a katin ɗan ƙasa an rubuta Mamman, ko ranar haihuwa ta sha bamban, wannan ta ce watan Maris waccan ta ce watan Janairu. Ka sa a ɗauko takardun yaron duka a jera su a kan tabarma, wani mai karatun boko ya duba suna da ranar haihuwa harafi bayan harafi. In akwai saɓani a gyara tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Layin wayar da za a yi rajista da shi kuma ya zama na yaron ne, ya riƙe shi da kyau kada ya ɓata, don ta nan saƙonni za su riƙa zuwa har a gama.

Darussan da zai zaɓa a JAMB huɗu ne: Turanci, wanda dole ne ga kowa, sai Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Ban da Lissafi a nan, ko da yake ana neman kiredit ɗinsa a takardar sakandare. Ina jaddada wannan ne domin sau da yawa mai shagon kwamfuta ne yake cika wa yaro fom, ga layi ya yi tsawo, sai ya danna abin da ya ga dama, yaro ya ci jarrabawa da kyau amma a ce haɗin darussansa bai dace da fannin ba. Shekara guda ta tafi ke nan. A yi rajista a cibiyar da JAMB ta amince da ita, kuma yaro ya karanta abin da aka cika da idonsa kafin a tura.

Jarrabawar a kan kwamfuta ake yin ta, tun 2015 aka daina ta takarda da fensir. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, sauran darussa ukun 40 kowanne, jimlar maki kuma 400. Na san wani zai ce ɗana bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Kada wannan ya tayar da hankali, 'yan maɓallai kaɗan ake dannawa, wanda ya iya latsa waya zai iya. Amma dai ya je ya gwada hannunsa sau biyu sau uku kafin ranar, kuma akwai jarrabawar gwaji da hukumar take shiryawa ga mai so. Abin da ke kayar da yara ba kwamfutar ba ce, lokaci ne: awa biyu ga tambaya 180 bai kai minti ɗaya ga kowace tambaya ba.

Yanzu ga inda ake yawan ruɗin jama'a. Kowace shekara za ku ji an sanar a rediyo cewa an tsayar da mafi ƙarancin makin shiga jami'a. A 2024 an ce 140, a 2025 aka ce 150. Sai uba ya ji ɗansa ya ci 170 ya ce shi ke nan an wuce. A'a. Wannan adadi kamar kuɗin shiga kara ne ranar kasuwa, ya ba ka damar shiga, bai saya maka dabba ba. Kowace jami'a tana da nata makin, kowane sashe a cikin jami'ar kuma yana da nasa, fannonin lafiya kuwa su ne a sama. Dalili shi ne masu nema sun yi yawa, gurabe kuwa ƙidayayyu ne. Ba son rai ne ya sa suka zama ƙidayayyu ba. Akwai hukumar rajistar masu wannan sana'a ta ƙasa, RRBN, wadda aka kafa da doka mai lamba 42 ta 1987. Ita da hukumar kula da jami'o'i ta NUC suke zuwa su duba malamai da na'urori da asibitin da ɗalibai za su koyi aiki, ba a barin jami'a ta ɗibi abin da ya fi ƙarfinta. Don haka yaron da ke son wannan fanni kada ya sa idonsa a kan 200, ya ɗaga ido sama da haka sosai. Bayan JAMB kuma jami'a tana yin nata tantancewar, wata ta sake yin 'yar jarrabawa, wata ta haɗa makin JAMB da ƙarfin kiredit ɗin sakandare ta fitar da lissafi. A irin wannan lissafi mai B3 ya fi mai C6, shi ya sa na ce ya dage a zama na biyu.

Zaɓen jami'a ma yana da hikima. A jami'o'in gwamnatin tarayya ana raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin ɗari na waɗanda suka fi kowa maki ne daga ko'ina a ƙasa, kashi 35 na 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka lasafta an bar su a baya a ilmin boko, irin su Jigawa da Yobe da Zamfara da Katsina. Ka ga ke nan ɗan Jigawa da ya nemi Jami'ar Bayero ta Kano yana da ƙofofi fiye da wanda ya tsallake ya nemi wata can nesa. A nan Arewa, cikin waɗanda suka daɗe suna wannan karatu akwai Jami'ar Maiduguri, da Bayero a Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kowacce da asibitin koyarwa a kusa da ita. A Kudu akwai ta Kalaba, da Jami'ar Nijeriya reshen Inugu, da ta Nnamdi Azikiwe, da ta Legas. Ana ta buɗe sababbi, na gwamnati da na kuɗi, amma duk wadda za a nema a tabbatar RRBN ta amince da sashenta, in ba haka ba sai a gama karatu a rasa lasisi. Kuma a sa jami'ar da ake so a zaɓi na farko, don a irin wannan fanni da wuya a waiwayi wanda ya sa ta a na biyu.

To mu komo kan mutuminka na kasuwa. Ban san shi ba, ba kuma zan kira shi da wani suna ba. Amma ga abin da na sani. Tun 2017 JAMB ta kafa wani tsari a intanet mai suna CAPS, kuma duk wani gurbi na halal a kowace jami'a ta nan yake bi. Jami'a ta tura sunan yaro, JAMB ta duba ko ya cika sharuɗɗa, har da sakamakonsa na sakandare wanda dole sai an ɗora shi a can, sannan ta amince. Yaron da kansa zai shiga shafinsa ya ga an ba shi, ya danna ya karɓa, sannan ya fitar da takardar shiga ta JAMB. Wanda aka shigar da shi ta bayan gida, sunansa ba ya cikin kundin JAMB, ko da ya yi shekarun ya gama zai sha wahala kafin a kira shi hidimar ƙasa, in ma an kira shi. Wannan fa in mutumin ya shigar da shi ke nan. Abin da aka fi gani shi ne a karɓi kuɗi, a kawo wata takarda mai tambari da aka buga a shagon kwamfuta, a yi walima a ƙauye, yaro ya ɗauki jaka ya tafi, ranar tantance takardu a ce ba a san da shi ba. Ka neme shi a waya, a kashe. Ga sa ya tafi, ga damina ta zo, sa ɗaya kuwa ba ya jan garma. Wani lokaci ma yaron da makinsa ya ci gurbin, dillali ya leƙa ya gani kafin ku, ya zo ya ce aikinsa ne a cika masa kuɗinsa. In ka sake haɗuwa da shi ka yi masa godiya, ka ce ka fasa, ba sai an yi faɗa ba.

In Allah ya sa aka samu, ga abin da ke gaba, don ka yi shiri. Karatun shekara biyar ne. Shekarar farko kimiyya ce zalla, Fiziks da Kemistiri da Bayoloji da Lissafi, kuma wanda bai yi ƙoƙari ba a nan akan mayar da shi wani sashe. Daga shekara ta biyu a shiga ilmin sassan jikin ɗan Adam da yadda suke aiki, sannan a shiga na'urori da zuwa asibiti koyon aiki. In ya gama sai hukumar RRBN ta rantsar da shi, ya yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibitin da aka amince da shi, a wannan shekara kuwa ana biyansa, sannan shekarar hidimar ƙasa. Ka lissafa shekara bakwai ke nan in ba a sami tsaikon yajin aiki ba. A cikin shekarun nan ne za ka buƙaci shanunka, don kuɗin rajista da na ɗaki da na abinci daga gonar nan za su fito kowace kaka. Akwai kuma asusun ba ɗalibai rance na gwamnatin tarayya, NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati. Ba ruwa a cikinsa, kuma ba a fara biya sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa. Sai an sami gurbi ake nemansa. Jihohi ma suna da hukumomin tallafin karatu, a riƙa leƙawa.

In kuma aka yi JAMB maki bai kai ba, ba a rufe ƙofa ba. Ana iya sake zama baɗi. Ana iya canja fanni ta hannun JAMB zuwa wanda makin ya isa. Akwai kuma hanyar share fage irin ta IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take kula da jarrabawarta, a yi kamar shekara guda ana karanta Fiziks da Kemistiri da Bayoloji mai zurfi, wanda ya ci da kyau ya nemi shiga aji biyu kai tsaye. Sai dai guraben wannan hanya sun fi na JAMB ƙaranci, kuma ita ma ba ta yafe kiredit biyar ɗin nan ba. Duk inda ka zaga, Malam, Fiziks ɗin nan tana tsaye tana jira.

Wasiƙa ta biyu daga wata Hajiya ce mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a Funtuwa. Ta ce 'yarta za ta shiga aji ɗaya na babbar sakandare, tana son wannan karatu, amma 'yan uwa sun ce hasken na'urar yana hana haihuwa, kuma wai masu aikin madara suke sha kullum don ta wanke musu shi.

Hajiya, mun gode. Gaskiya ne hasken eksire in ya yi yawa a jiki yana da illa, ba za mu ɓoye miki ba, shi ya sa ma ake shekara biyar ana koyon yadda za a sarrafa shi. Amma mai aikin ba ya tsayawa a cikin hasken. Ɗakin hoto ana gina shi da bango mai kauri ko mai dalma a ciki, ma'aikaci yana bayan kariya lokacin da ya danna, in kuma dole ya tsaya kusa akwai rigar dalma da yake sawa. Akwai wani ɗan abu kamar bajo da suke maƙalawa a riga, yana auna yawan hasken da ya taɓa su, ana karɓa a duba lokaci-lokaci. Ma'aikaciya in ta sami juna biyu takan sanar, a gyara mata aiki. Sikanin da MRI kuwa babu wannan haske a cikinsu ko kaɗan. Mata da maza suna wannan aiki suna aure suna haihuwa. Zancen madara kuwa, madara abinci ce mai kyau, amma ba ta wanke haske, domin hasken eksire wucewa yake yi, ba ya zama a jiki bayan an kashe na'ura. Kariya daga bango da dalma da nisa take, ba daga ƙwarya ba.

Ni a ganina ma 'ya'ya mata muka fi buƙata a wannan fanni. Matanmu nawa ne suke ƙin zuwa sikanin, ko hoton mama da ake yi don gano sankara tun tana ƙarama, saboda sun san namiji za su tarar? Ke kuma Hajiya kin yi tambaya a kan kari, domin ajin da 'yarki za ta shiga a nan ake raba hanya, wasu kimiyya, wasu kasuwanci, wasu adabi. Ki je makarantar da ƙafarki. Ki tabbatar an sa ta ajin kimiyya, sannan ki tambaya: akwai malamin Fiziks? Akwai na Kemistiri? Ana shiga ɗakin gwaje-gwaje, ko kuwa a allo kawai ake zana kwalba? In babu, gara a nemi canjin makaranta tun yanzu, ko a nemi jarrabawar shiga makarantun kimiyya na jiha, da a zo bayan shekara uku ana neman kiredit ɗin darasin da ba a taɓa koyar da ita ba. Ki kuma lura da shekarunta, a 2025 an tsayar da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a.

Ta uku gajeriya ce, daga wani matashi a Azare wanda ya yi kwas ɗin taimakon ɗakin hoto a wata kwalejin kiwon lafiya, yana tambaya ko takardarsa za ta kai shi aji biyu a jami'a. Ɗan'uwa, wannan ya danganta da jami'ar, kowacce da irin takardun da take karɓa. Ka duba kundin JAMB na shekarar da za ka nema, yana nan kyauta a shafinsu, sannan ka ɗauki takardarka ka je sashen da kanka ka tambaya kafin ka sayi fom. In sun ce ba sa karɓa, ka zauna JAMB kamar kowa, aikin da ka riga ka sani ba zai ɓata ba, zai yi maka rana in an fara zuwa asibiti. Kai ma dai ka duba kiredit biyar ɗinka.

Malam na ƙasar Ringim, in an yi rajistar jarrabawar ka sake rubuto mana mu ji, in sakamako ya fito ma haka. Jama'a lokaci ya yi halinsa, sauran wasiƙun da ke gabanmu, har da ta mai tambaya a kan maganin ƙwarin wake a rumbu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.